Daga Ubangida Zuwa Ɗigo Tara: Tarihin Kalmar Pattern

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu gyaran waya, a Farm Centre ta Kano ko wata kasuwa irinta, ya ji kalmar nan tana yawo a bakin mutane. Wannan ya manta pattern ɗinsa, waccan kuma yaro ya yi ta gwada nata har waya ta kulle kanta. Abin da ake nufi shi ne ɗigo taran nan, uku-uku a jere, da ake bi da ɗan yatsa kafin waya ta buɗe, dabarar da ta zo tare da wayoyin Android na farko a 2008. Ga yawancin masu jin Hausa, a nan kalmar ta fara, a nan kuma ta tsaya. A Turanci kuwa tsohuwa ce tukuf, ta haura shekara 600 tana aiki, kuma da wuya a sami sana'ar da ba ta leƙa ba. Tela yana da nasa pattern, maƙerin zubi yana da nasa, haka likitan da ke bin sawun annoba, da alƙalin da ke sauraron ƙarar wariya, da sojan da ke zaune gaban allo yana kallon wata unguwa daga sama.

Masu fassara labarai daga Turanci sun san wahalarta. Idan a jikin atamfa ne, zane ake nufi ko ado. Idan a teburin tela ne, takardar da ake shimfiɗawa a kan yadi a yanka. Idan mutum aka kira da ita, abin koyi ke nan. Idan ruwan damina ne, yadda ya saba sauka. Idan kuwa hare-hare ne, to nan ake dafe kai, domin jeri daban, salo daban, shiri kuma daban. Rashin kalma guda a Hausa da za ta ɗauki wannan kaya duka ba talauci ba ne. Abin tambaya shi ne yadda aka yi Turanci ya jibga su a kan kalma ɗaya, kuma amsar tana cikin wani juyi da kalmar ta yi a tsawon rayuwarta. Da farko pattern shi ne abin da ke gaba, wanda ake kallo a kwaikwaya. A yau kuwa galibi shi ne abin da ake hangowa daga baya, bayan al'amura sun auku an jera su. Ma'anar farko ba ta mutu ba, tana nan laɓe a bayan ta biyu, kuma wani lokaci takan yi ɓarna.

Asalin maganar a birnin Rum yake. A harshen Latin, pater shi ne uba, daga gare shi kuma aka sami patronus, wato babban mutum mai tsaya wa na ƙasa da shi. Zaman Rumawa a kan wannan alaƙa ya ginu. Da sassafe mabiya sukan yi cincirindo a ƙofar gidan mai hali domin gaisuwa, ya ba su ɗan abinci a kwando ko 'yan kuɗi a madadinsa, su kuma su rufa masa baya zuwa dandalin gari, su tsaya masa ranar zaɓe. In an kai ɗayansu ƙara, shi ne zai tashi ya yi magana dominsa, shi ya sa mai kare mutum a gaban shari'a ma patronus ake ce masa. Bawan da aka 'yanta kuwa bai rabu da tsohon ubangijinsa ba, har sunansa yake ɗauka. Tiro, magatakardan Cicero, da aka 'yanta shi a shekara ta 53 kafin haihuwar Annabi Isa, sai ya koma Marcus Tullius Tiro.

Bahaushe ba ya bukatar dogon sharhi a nan. Kalmar ubangida ita ma daga uba aka gina ta, kuma barantaka, da gaisuwar safe a zaure, da yaron da ake sani da sunan maigidansa a kasuwa, duk sanannun abubuwa ne. Wanda Turanci ke kira patron na ƙungiya, Hausa ta ce masa uban ƙungiya, ta mayar da kalmar gidan ubanta ba tare da ta nufa ba.

Da Kiristanci ya mamaye Turai sai kalmar ta shiga coci. Kowane gari da kowace sana'a suka sami waliyyin da suke ɗauka majiɓincinsu, ana kiransa da wannan suna. A tsohon Faransanci ta gajarce ta zama patron, kuma a nan ne ta yi reshe. Masu nazarin asalin kalmomi suna bayyana abin da cewa majiɓinci, waliyyi ne ko ubangida, shi ne wanda na ƙasa ke kallo yana gyara tafiyarsa. Daga mutumin da ake koyi da shi sai sunan ya zame zuwa abin da ake kwafa, kamar zanen da magini ko masaƙi ke ajewa a gabansa. Faransanci bai taɓa raba su ba har yau. Telan da ya koyi ɗinki da Faransanci a Yamai ko Maraɗi, da kalma ɗaya yake kiran mai shagon da yake yi wa aiki da takardar da yake yanka riga a kanta.

Ingila ta karɓi kalmar cikin dubban kalmomin Faransanci da suka kwarara bayan Normawa sun ci ƙasar a 1066. Ɗaya daga cikin wuraren farko da aka gan ta da ma'anar abin koyi shi ne waƙar makokin da Geoffrey Chaucer ya yi wa Blanche, matar John of Gaunt, wadda ta rasu a 1368. A ciki ya ɗauki marigayiyar a matsayin ma'aunin kyau, kuma kalmar da ya sa patron ce. Mijin nata kuwa shi ne ya zama ubangidan Chaucer, wanda a 1374 ya yanka masa fam 10 a kowace shekara. Ke nan waƙa ɗaya ta haɗa ma'anonin biyu, ɗaya a cikin baiti, ɗaya a aljihun mawaƙi.

A ƙarni na 16 furucin ya fara karkacewa. Ingilishi yakan danna gaɓar farko ta kalma ya sassauta ta ƙarshe, sai harafin r da wasalin da ke biye da shi suka yi musayar wuri, patron ta koma patern, daga baya pattern. Irin wannan musaya ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san bagaruwa da gabaruwa, hawainiya da wahainiya. Bambancin shi ne Hausa ta bar kowane biyun da ma'ana ɗaya, Ingilishi kuwa ya raba musu gado. An daɗe ana rubuta su a cakuɗe, amma zuwa wajen 1700 rabon ya tabbata: majiɓinci ya tafi da patron, abin kwaikwayo ya tafi da pattern. Haka ya faru da flower da flour, fure da garin alkama, waɗanda asalinsu kalma ɗaya ce. Da Hausa ta aro su sai ta sake haɗe su, ta kira kowanne fulawa. A Ailan ne tsohuwar ma'ana ta maƙale wa sabon furuci, inda har yanzu bikin ranar waliyyin gari pattern ake ce masa, kamar wanda ake yi a ƙauyen Ardmore kowace 24 ga Yuli.

A wancan zamani kalmar tana da nauyi. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James, ta 1611, da ita ta kira siffar alfarwar ibada wadda, a ruwayar littafin, aka nuna wa Annabi Musa a kan dutse aka umarce shi ya yi irinta. Na asali yana sama, kwafi yana ƙasa, kuma aibin kwafi shi ne ya kauce.

In ana son ganin kalmomin biyu bayan rabuwa, ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya wadatar. Johnson ya sadaukar da shirin aikin ga Lord Chesterfield a 1747 yana fatan samun ubangida. Abin da ya samu fam 10 ne da shekara bakwai na ko-in-kula. Da ƙamus ya kusa fitowa sai Chesterfield ya rubuta yabonsa a wata mujalla, Johnson kuma ya aika masa wasiƙar nan da ta shahara, wadda a cikinta ya kwatanta ubangida da mai kallon mutum yana nitsewa a ruwa, sai da ya fito gaɓa ya zo ya dame shi da taimako. Haushin ya bi shi har cikin ƙamus, domin a ƙarƙashin patron ya siffanta shi da mai tallafi cikin wulaƙanci wanda ladansa fadanci ne. A ƙarƙashin pattern kuwa babu haushi, ma'ana huɗu ce: na asalin da ake kwaikwayo, samfurin da ake nunawa a madadin sauran kaya, misali, da takardar da aka yanka domin ta yi wa almakashi jagora a kan yadi. Ma'anar da ta fi yawa a bakin Baturen yau, wato maimaituwar da ake ganowa a cikin al'amura, ba ta cikin jerin.

Zamanin masana'antu ya sauko da kalmar daga wajen waliyyai zuwa wajen ma'aikata. A maƙerar zubi, kafin a sami tayar ƙarfe ko wani sashe na inji, sai an sassaƙa siffarsa da katako, a danna cikin yashi mai damshi, a zare, a zuba narkakken ƙarfe a gurbin. Katakon nan shi ne pattern. Masu zubin tukwanen alminiyam a garuruwan Hausa haka suke yi har gobe, sai dai su lafiyayyar tukunya suke binnewa a maimakon katako. 'Yan kasuwar Manchesta kuwa sun riƙa manna gutsattsarin yadi a manyan littattafai, kowanne da lambarsa, wakilansu na yawo da su ƙasa-ƙasa, kuma gutsuren shi ma pattern ne. Yaduddukansu sun riga Turawan mulki isowa Kano, domin Heinrich Barth ya tarar da su a kasuwa a 1851, sun ƙetaro Sahara a bayan raƙuma. A 1863 kuma wani tela a jihar Massachusetts ta Amurka, Ebenezer Butterick, ya fara sayar da samfurin tufafi na siririyar takarda, girma-girma, yadda duk matar da ke da keken ɗinki za ta yanka riga a gida ba sai ta je wurin tela ba.

Amma babu inda tsohon ikon kalmar ya fito fili kamar a rundunar sojan Birtaniya. Idan hukuma ta amince da wata bindiga, ko takobi, ko riga, ko ma maɓalli, sai a ɗauki guda ɗaya a ɗaura masa takarda, a buga hatimi a kan danƙo, a adana. Duk ɗan kwangilar da ya kawo kaya, da wannan za a gwada. Abin da ya saɓa a mayar masa. Daga nan makamai suka riƙa samun suna da shekarar hatiminsu, kuma wadda ta fi barin tabo a tarihi ita ce Pattern 1853, bindigar da aka ƙera a Enfield, arewa da Landan.

Harsashinta ƙunshin takarda ne, albarushi da dalma a ciki, an shafe shi da maiƙo domin ya zame cikin bututun bindiga, kuma ƙa'idar atisaye ita ce soja ya yage bakin takardar da haƙori. Da aka kai bindigar Indiya sai magana ta bazu a barikokin Kamfanin Gabashin Indiya, a farkon 1857, cewa maiƙon kitsen saniya ne da na alade, ta farko abar girmamawa ga Hindu, na biyu haram ga Musulmi. A Meerut mahaya 85 suka ƙi karɓar harsasai. Ranar 9 ga Mayu aka tuɓe musu kayan sarki a gaban 'yan'uwansu, aka sa musu mari, yawancinsu da hukuncin shekara goma. Washegari bariki ya tashi, aka nufi Delhi. Ba harsashi kaɗai ya haddasa tawayen ba, akwai ƙwace masarautar Awadh a 1856, da nauyin haraji, da tsoron a raba mutane da addininsu, amma shi ne ashanar. Kafin ƙura ta lafa an zubar da jini mai yawa, a 1858 kuma gwamnatin Birtaniya ta karɓe Indiya daga hannun kamfanin. Kayan da aka buga wa hatimi a Ingila an auna tsawonsa da nauyinsa, ba a auna bakin da zai cije shi ba. Wani abin mamaki kuma, harsashi a Jamusanci sunansa Patrone, a harshen Holan patroon, a Rashanci patron, duk daga kalmar Faransancin nan, domin asalinsa takarda ce da aka naɗe bisa ma'auni guda. Bindigar da harsashinta, ta fuskar suna, 'yan uba ɗaya ne.

To, ina juyin ya faru? A kan yadi da faranti ya faru, kuma a hankali. Tun ƙarshen ƙarni na 16 ana kiran adon da ke jikin yadi pattern, da farko saboda daga wani zane aka kwafo shi. Amma mai saye ba ya ganin zanen asali. Abin da ke gabansa fure ne da ke dawowa bayan kowane taƙi. Da masana'antu suka cika gidaje da yadudduka masu zane, da takardar ado ta bango, da farantan tangaran masu shuɗin hoton itace da gada da masu ƙira na Ingila suka fito da su wajen 1790 suna kwaikwayon na Sin, sai kunne ya saba jin kalmar a matsayin maimaituwar kanta. Na asali ya ɓace daga gani, abin da ke maimaituwa ya gaji sunan.

Masaƙar Joseph Marie Jacquard, wadda ta fito a garin Lyon na Faransa a 1804, ta ƙara tura lamarin gaba. Ta mayar da zane ramuka a jikin kati: inda akwai rami zare ya ɗaga, inda babu ya kwanta. Charles Babbage, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ƙoƙarin ƙera injin lissafi, ya mallaki wani hoton Jacquard da aka saƙa da siliki ta hanyar kati 24,000, yakan nuna wa baƙinsa, kuma ya ari dabarar katin domin injinsa. A 1843 Ada Lovelace, cikin bayanan da ta rubuta game da injin, ta kwatanta aikinsa da na masaƙar, ta ce abin da zai saƙa pattern ne na aljabara. Daga nan kalmar ta soma barin abin da hannu ke taɓawa, ta koma alaƙar da ke tsakanin abubuwa.

Sai kuma zamanin masu bincike. A 1854 kwalara ta kashe sama da mutum 600 a unguwar Soho ta Landan. Likita John Snow ya bi gida-gida yana tambaya, ya ga mace-macen sun taru kewaye da famfon titin Broad, ya shawo kan hukumar unguwa aka cire hannun famfon, daga baya ya fitar da taswirar da ta shahara da sunansa. Babu wanda ya zana wannan siffa tun farko. Ta fito ne bayan an jera mamata a kan takarda. Irin wannan ne ƙarni na 20 ya saba kira pattern. A 1934 Ruth Benedict ta sa kalmar a kan littafinta na kwatanta al'adun al'ummomi uku. A 1952 Alan Turing ya nuna da lissafi cewa sinadarai masu yaɗuwa da sauri daban-daban suna iya haifar da rodi-rodi irin na jikin dabbobi ba tare da mai zane ba. A shekarun nan ne kuma aka fara koya wa kwamfuta gane siffofi, aikin da jikokinsa ne ke karanta zanen yatsa a banki da rumfar zaɓe a yau.

Sai dai harshe ba ya saurin mantuwa. Kalmar da ta shafe ƙarnuka tana nufin abin da wani ya tsara da gangan ba ta rabuwa da wannan ƙamshi don kawai an ba ta sabon aiki. Idan Bature ya ce ya ga pattern, lafazinsa maimaituwa kawai ya faɗa, amma kunnen mai saurare yakan ji cewa akwai hannu a ciki. A 1944, lokacin da Jamus ke harbo bama-baman V-1 masu tashi da kansu a kan Landan, mazauna birnin sun lura suna faɗowa gungu-gungu, wata unguwa ta sha sau da yawa, maƙwabciyarta ko ɗaya, aka yi ta cewa saiti ne. A 1946 wani masanin lissafin inshora, R. D. Clarke, ya wallafa abin da ya gano. Ya raba wani yanki na kudancin Landan murabba'i 576, ya ƙirga bom 537, ya gwada da abin da lissafi ya ce za a gani in da a makance suka faɗo. Lissafi ya ce kimanin murabba'i 227 za su tsira ba ko ɗaya; da aka ƙirga, 229 ne. Gungun gaskiya ne, saitin ne babu. Duk wanda ya taɓa watsa wa kaji gero ya san wani wuri yakan fi wani samu, ba don hannu ya nufa ba.

Wannan ba ya nufin a daina nema, domin akwai zaluncin da ba a iya kama shi sai ta wannan hanya. Dokar 'yancin jama'a ta Amurka ta 1964 ta ba gwamnatin tarayya ikon shigar da ƙara idan wariya ta zama pattern, tunda mai ɗaukar aiki yana iya kawo uzuri a kan kowane baƙar fata ɗaya da ya ƙi ɗauka, amma ba shi da uzurin ɗari. A 1994 aka ba ta irin wannan iko a kan rundunonin 'yan sanda. Da shi Ma'aikatar Shari'a ta binciki garin Ferguson bayan kisan Michael Brown, kuma rahotonta na Maris 2015 ya nuna baƙaƙen fata kashi 67 cikin 100 ne na mazauna garin, amma kashi 93 na waɗanda aka kama tsakanin 2012 da 2014. Kowane kamu yana da takardarsa da dalilinsa. Sai da aka jera su abin ya bayyana. Abin lura shi ne rahoton bai tsaya ga alƙaluma ba. Ya zo da saƙonnin da jami'ai suka aika wa juna, da shaidar yadda aka mayar da tara hanyar cika baitulmalin gari. An ga maimaituwa, sannan aka je aka nemo hannun.

Inda ba a je neman hannun ba, ga yadda takan kaya. Sojojin Amurka suna da wani lafazi na aiki, pattern of life, wato bin zirga-zirgar mutum daga sama da jirgi maras matuƙi, a ga inda yake zuwa da wanda yake gani da lokacin da yake fita, har a yanke hukunci a kan ko wane ne shi. Ranar 26 ga Agusta 2021, ana tsakiyar kwashe mutane daga Kabul, wani ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe sojojin Amurka 13 da 'yan Afganistan kimanin 170 a ƙofar filin jirgin sama. Bayanan sirri suka ce wani harin na tafe, kuma da farar mota ƙirar Toyota Corolla a cikin shirin. Ranar 29 ga wata masu kallo suka ɗora ido a kan wata farar Corolla, suka bi ta kimanin sa'a takwas. Ta tsaya a wani gida an miƙo jaka. Ta ɗauki mutane ta sauke. A wani wuri aka loda mata wasu abubuwa. Kowane motsi ya zauna daram a gurbin da aka riga aka tanadar masa. Da ta shiga wani gida da yamma, aka harba mata makami mai linzami.

Direban, Zemari Ahmadi, ma'aikacin wata ƙungiyar agaji ce ta Amurka mai ciyar da mabukata. Jakar ta kwamfutar shugabansa ce, mutanen abokan aikinsa ne, kayan kuma jarkokin ruwa ne da ya cika zai kai wa iyalinsa. Mutum goma suka mutu, bakwai yara ne. Ranar 17 ga Satumba Janar Kenneth McKenzie ya amsa cewa kuskure ne, binciken rundunar kuma ya ce masu kallon sun riƙa fassara abin da suka gani bisa abin da suke tsammani. Ba a hukunta kowa ba. Farar Corolla kuwa tana cikin motocin da suka fi yawa a titunan Kabul. Masu kallon sun ɗauka aikin Snow suke yi, suna barin al'amura su nuna siffarsu. A haƙiƙa aikin mai duba kayan kwangila suka yi: samfurin yana hannunsu da hatiminsa tun safe, suka ɗora yinin wani bawan Allah a kai, suka ga ya yi daidai.

Wannan ne ya sa zaɓin mai fassara ba ƙaramin abu ba ne. A ce rahoto ya zo da cewa an ga pattern a hare-haren da ake kai wa wasu ƙauyuka. In ya rubuta jerin hare-hare, ya ce sun yi yawa ne kawai. In ya rubuta salo, ya ce suna kama da juna. In kuwa ya rubuta shiryayyun hare-hare, ya ce akwai mai shiryawa, alhali wataƙila rahoton bai kai nan ba, kuma a ƙasar da maƙwabta ke kallon juna da zargi, wannan ƙarin yana iya zama ashana. Turanci yana ba mai magana damar tsayawa tsakanin ukun ba tare da ya ɗauki alhakin ko ɗaya ba. Hausa ba ta da wannan maɓoya, don haka dole a koma cikin rahoton a duba wanne ne daga cikinsu ya tabbatar.

Ɗigo taran waya kuwa sun haɗa tsohuwar ma'ana da sabuwa a tafin hannu ɗaya. Mai waya ya zana na asali sau ɗaya, waya ta adana, kowane buɗewa kwafi ne da ake gwadawa da shi. Wannan Johnson zai gane ta. Bisa ƙa'idojin Android, hanyoyi 389,112 ake iya bi ta cikin ɗigon. Amma a 2015 wata ɗalibar digiri na biyu a ƙasar Norway, Marte Løge, ta tattara kusan 4,000 da mutane suka zana, ta tarar kashi 44 cikin 100 daga kusurwar sama ta hagu suka fara, kashi 77 kuma daga ɗaya cikin kusurwoyi huɗu. Sama da kashi 10 siffar harafi suka zana, sau da yawa harafin farko na sunan mata, ko miji, ko ɗa.